Yadda ake shimfiɗa tsakuwar rezin a kan tsohuwar kwaltar ƙofar gida

Gidaje da yawa a unguwannin Birtaniya suna da ɗan fili a ƙofar gida inda ake ajiye mota, kuma sau da yawa kwalta aka zuba masa tun shekarun baya. In ta tsufa sai ta koɗe ta yi toka-toka, gansakuka ta cinye gefenta, tsakuwa ta fara bin tayar mota zuwa titi. Maimakon a fasa ta a kwashe, wanda kuɗinsa ba kaɗan ba ne, mutane sukan sa a rufe ta da tsakuwa mai launi da aka kwaɓa da rezin, wani ƙaro ne na roba da ke zuwa a bokiti biyu, sai an haɗa su yake sandarewa. A gida matsakaici ana iya gama shimfiɗar a yini ɗaya. Sai dai kaurin abin da za a zuba bai cika milimita 20 ba, kuma ba shi ne zai ɗauki nauyin motar ba. Kwaltar da ke ƙasa ce za ta ci gaba da ɗauka. In ta motsa, na sama ya motsa. In ta tsage, tsagar za ta ɓullo a sabon aikinka. Shi ya sa kusan rabin abin da zan faɗa a kan tsohuwar kwaltar yake.

Kafin komai, ka san aikin iri biyu ne, don masu talla sukan cakuɗa su. Akwai wanda ake shafa rezin a ƙasa sannan a watsa tsakuwa a kai. Wannan siriri ne, ba ya shan ruwa, kuma tsakuwar kan riƙa ɓallewa. Wanda muke magana a kai shi ne wanda ake kwaɓa tsakuwar da rezin a cikin inji har kowace ƙwaya ta jiƙe, sannan a shafe da cokalin gini. In ya bushe yakan yi kama da kantun riɗi: ƙwayoyin sun manne da juna, amma akwai ƙananan kafofi a tsakaninsu da ruwa ke bi ya wuce.

Duba kwaltar kafin ka sayi ko buhu ɗaya

Ka fita da safe bayan an yi ruwa, ka tsaya ka kalli filin. Ina ruwa ya kwanta? Ina tayoyin mota suka yi kwari? Kwarin taya alama ce mai muni, domin yana nufin dutsen da ke ƙarƙashin kwaltar ne ya zauna, ba fuskar kawai ta ci ba. Ka ɗauki sukundireba ka danna a wurare daban-daban, musamman inda injin mota ke tsayawa. Man inji da dizal suna narka kwalta, in ƙarfen ya shige cikin sauƙi ko ya fito da baƙin abu mai danƙo, wannan wurin sai an yanke shi. Ka goga takalminka da ƙarfi: in tsakuwa na ta fitowa, fuskar ta ruɓe, rezin zai manne ne da abin da shi kansa bai manne da komai ba.

Sannan ka haƙa ɗan rami a gefe ka ga kaurinta. Ana son kwalta ta kai kimanin milimita 50, da dutse dandaƙaƙƙe a ƙarƙashinta. Wani lokaci za ka tarar ’yar siririyar kwalta ce aka lulluɓa wa tsohon kankare, kuma duk inda kankaren yake da gaɓa, can tsaga za ta fito. Tsaga ɗaya siririya da ta daɗe ba ta ƙaru ba, ana iya gyara ta. Tsagogi masu yawa da suka haɗu kamar raga, ko wadda gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko wadda saiwar bishiya ta ɗaga, waɗannan suna gaya maka cewa filin na motsi har yanzu. A irin wannan hali shawarata ita ce a haƙura a fasa a sake daga tushe: dutsen da ake kira MOT Type 3, wanda ba shi da gari da yawa, a dandaƙe shi, a zuba masa sabuwar kwalta mai kafofi irin ta AC14, sannan rezin. Duk mai kwangilar da ya kalli fili mai ragar tsaga ya ce maka rezin zai rufe komai, gaskiya ya faɗa, zai rufe, amma sanyin hunturu ɗaya ko biyu ya isa ya tona asiri.

Haka nan ba a shimfiɗa shi kai tsaye a kan intalok, ko fale-falen dutse, ko ƙasa da tsakuwa zalla. Kowane ɗan bulo motsinsa daban.

Maganar ruwa, da maganar doka

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. An ce musu rezin na shan ruwa, sai su ɗauka matsalar kwanciyar ruwa ta ƙare. Tsohuwar kwalta ta gidaje yawanci toshashshiya ce. Ruwan zai ratsa tsakuwar sama, ya sauka milimita 18, ya tarar da kwaltar, daga nan sai ya bi gangaren da kwaltar take da shi tun asali. In babu gangare sai ya zauna a cikin kafofin, ya tara datti da gansakuka, in an yi ƙanƙara ya daskare ya kumbura. Saboda haka ka zuba bokitin ruwa a wurare uku ko huɗu ka bi shi da ido. Ana son gangaren kimanin santimita ɗaya da rabi a kowace mita, yana nisantar bangon gida. In filin ya karkata zuwa gida ko gareji, to sai an yanka an saka doguwar magudana mai murfin raga a bakin ƙofa kafin a fara komai.

A Ingila, tun ranar 1 ga Oktoba 2008, bayan ambaliyar 2007, duk wanda zai shimfiɗa ko ya sabunta daɓen da ba ya shan ruwa a gaban gidansa, in faɗinsa ya wuce murabba’in mita 5, sai ya nemi izinin hukumar tsara gine-gine, sai fa in ruwan zai gangara zuwa wurin da ƙasa za ta shanye shi a cikin gidan, kamar ciyawa ko fangalin furanni ko ramin shanye ruwa. Rezin a kan toshashshiyar kwalta bai zama daɓe mai shan ruwa ba don kawai samansa na da kafofi. In ruwanka titi yake fita, ka tuntuɓi ƙaramar hukumar yankinka tukuna.

Abu na ƙarshe a awo shi ne tsayi. A gindin bangon gidajen Birtaniya akwai wani siririn layi a tsakanin bulo da ke hana danshi hawa. Ƙa’ida ita ce daɓen waje ya kasance milimita 150 ƙasa da wannan layin, wato kimanin jerin bulo biyu. Ka auna ka ga ko ƙarin milimita 18 zai cinye wannan tazarar. Ka duba bulon iska masu huji kada a toshe su, ka duba ƙofar gareji da get ko za su ci gaba da buɗewa. Inda filin ya haɗu da hanyar masu tafiya a ƙasa, sai an karce kwaltar an rage mata kauri, don sabon daɓen ya zo daidai da na hukuma, kada a bar tudun da zai kayar da mutum.

Gyara da wanki

Wuraren da suka lalace a yanke su murabba’i da injin yankan kankare, a kwashe har a kai inda yake da ƙarfi, a cika da kwalta mai zafi a dandaƙe da inji. Kwaltar sanyi ta buhu da ake sayarwa a shago tana da mai a cikinta, takan daɗe da laushi, ba na son ta a ƙarƙashin rezin. Sabon faci ma sai an ba shi lokaci ya sha iska gwargwadon kwanakin da kamfanin rezin ɗinka ya rubuta. Siraran tsagogi a buɗe su a share a cika, kuma wasu ma’aikata sukan shimfiɗa raga ta musamman a kai don rage haɗarin. Ragar na taimakawa, amma ba ta hana ƙasa motsi. Kwarin da ya wuce ’yan milimitoci a cike shi tun yanzu. In ka bari sai ranar shimfiɗa, zai sha maka kwaɓi mai tsada, lissafinka ya rushe.

Ciyawa a fesa mata magani tun kwanaki kafin aiki, a bari ta mutu har saiwa. Gansakuka a kankare ta, a wanke filin da injin feshin ruwa, tabon mai a wanke da sabulun cire maiƙo. Daga nan sai jira. Filin sai ya bushe ƙarƙaf, ba saman kawai ba, har cikin ƙananan ramukan kwaltar. Wuraren inuwa kusa da bango da shinge su ne suka fi yaudara. Kwalta lafiyayya yawanci ba ta buƙatar man share fage da ake shafawa kafin rezin, amma wadda ta tsufa ta bushe, da duk wani ɓangare na kankare, suna buƙata.

Dole kowane gefe ya sami abin da zai tokare shi: jerin bulo, ko dutsen gefen hanya, ko siririn ƙarfen alminiyam mai tsayin kaurin da za a zuba. Gefen da aka bari sake shi ke fara gutsurewa. Murfin ramin kwata a canza shi da irin mai faranti, wanda ake cika cikinsa da kwaɓin, ya ɓace a ido amma a iya ɗaga shi. Sannan a manna salatef mai faɗi a kan bulo da bakin magudana da gindin ƙofa, domin rezin in ya bushe a jikin abu ba ya fita da daɗi.

Sayen kaya

Rezin iri biyu ne a kasuwa. Na alifatik ba ya canza launi a rana. Na aromatik ya fi araha, amma hasken rana na mayar da shi ruwan ƙasa-ƙasa, kuma ba daidai yake canzawa ba: inda mota ko tukunyar fure ta rufe zai fita daban, ka ɗaga abu ka ga hotonsa a ƙasa. Araha ba ta ado. In tsakuwarka fara ce ko ruwan azurfa, kada ma ka yi tunanin na aromatik.

Tsakuwar sai wadda aka wanke aka busar a inji aka rufe a buhu. Tsakuwar gini ta tuli ba ta yi, komai kyanta, saboda ƙura da danshi. Wani haɗi da ya yaɗu a Birtaniya shi ne: rezin kilo 7.5, buhu uku masu kilo 25 na tsakuwa mai girman milimita 2 zuwa 5, buhu ɗaya na mai milimita 1 zuwa 3, da kilo 6.25 na busasshen yashi mai laushi. Wannan kwaɓi ɗaya kenan, kuma yana rufe kimanin murabba’in mita uku da rabi a kaurin milimita 18, wanda shi ne kaurin da aka saba yi wa wurin mota. Hanyar ƙafa milimita 15 ta isa. Abin lura shi ne kaurin ya kai kamar ninki uku na babbar ƙwayar tsakuwar. Kowane kamfani da nasa awon, ka bi na wanda ka saya, kuma kada ka ƙara tsakuwa don rezin ya yi auki.

Misali fili mai murabba’in mita 40: kwaɓi 12 zai ci, ka sayi 13. Tsohuwar kwalta ba ta taɓa zama sumul, kullum tana cin fiye da lissafi. Ka sayi tsakuwar duka a lokaci ɗaya, don dutse na halitta launinsa na bambanta daga kaya zuwa kaya. Ka jera buhunan a kan katako, kwaɓi-kwaɓi, ka rufe da tamfol.

Injin kwaɓin ba irin gangar kwaɓa siminti mai juyawa ba ce. Ana amfani da mai faffaɗan kwano wanda fikafikai ke juyawa a ciki suna tura tsakuwar, ana samun haya. Sai baro da aka shimfiɗa wa leda, injin huji mai sandar kaɗawa, manjagara mai faffaɗan baki, cokulan shafe na ƙarfe biyu ko uku, farin man wanke fenti da tsumma, garin gilashi mai hana santsi, da agogon waya. Safar hannu da doguwar riga da tabarau wajibi ne, sinadarin da ke cikin rezin yana ɓata fata, kuma yawan shaƙarsa na iya jawo asma.

Zaɓen rana

Ruwa shi ne babban abokin gabar wannan aiki. Rezin ɗin da bai sandare ba in ya haɗu da danshi yakan fitar da iska, ya yi kumfa, ya bar farin tabo kamar gajimare, kuma wannan tabon ba ya wankuwa. Ɗigon gumi daga goshin mai shafe ma na iya barin alama. Ana son zafin gari tsakanin digiri 5 da kimanin 25, danshin iska ƙasa da kashi 80 cikin ɗari, kuma zafin filin ya ɗara matakin saukar raɓa da aƙalla digiri 3. In hasashen yanayi ya nuna ruwa a ranar, a ɗaga. A lokacin sanyi kada a fara da sassafe kafin raɓa ta tashi, kuma a gama da wuri yadda zai kama kafin ta yamma ta sauko; ana ƙara ɗigon sinadarin hanzartawa da kamfanin ya bayar, daidai wa daida a kowane kwaɓi. A rana mai zafi kuwa baƙar kwalta takan fi iska zafi sosai, sai kwaɓin ya fara kamawa tun kana baza shi. Ka fara da wuri, ka ajiye bokitan a inuwa.

Kwaɓi da shimfiɗa

Mutum uku ne mafi ƙaranci: mai inji, mai baro da baza kaya, da mai cokali. Da zarar an fara babu hutun shayi, don kowane kwaɓi sai ya haɗu da na gabansa tun yana ɗanye. Ku fara daga can ƙurya kusa da gida, ku riƙa ja da baya zuwa titi, injin yana bakin get a kan tamfol.

Mai inji ya zuba tsakuwar ya juya ta a bushe na ɗan lokaci, ƙura ta tashi. A daidai lokacin ya juye bokitin rezin ɗaya cikin ɗayan, ya kankare shi tas, ya kaɗa da injin huji kamar minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi har launin ya zama ɗaya. Sai ya juye a kan tsakuwar, ya danna agogo, ya bi da yashin a hankali. Duka-duka kada ya wuce minti uku zuwa huɗu. Muhimmin abu shi ne kowane kwaɓi ya ɗauki lokaci iri ɗaya. In ɗaya ya daɗe a inji, ƙwayoyin suna gogar juna suna fitar da gari, launinsa ya yi duhu, gobe ka fito ka ga faci a tsakiyar fili kuma babu yadda za ka yi da shi. In an juye a baro a duba kada busasshiyar tsakuwa daga bakin injin ta biyo.

Mai baro ya juye kaɗan-kaɗan, ya baza da manjagara ya ɗan ɗara kaurin da ake so, don cokali zai danne shi. Mai cokali yana durƙushe a kan kwaltar da ba a rufe ba. Ya fara cusa kwaɓin a gefe da kusurwa, sannan ya shafe da dogon hannu, bakin cokalin a ɗan ɗage, yana dannawa har ƙwayoyin su daina gudu a ƙarƙashin ƙarfen. Za ka ji sautin ya canza daga ƙaras-ƙaras zuwa sulɓi, fuskar ta rufe ta yi sheƙi. A nan za a tsaya. Yawan komawa kan wurin da ya fara kamawa shi ke barin sawun cokali. Duk bayan ’yan shafa ya goge cokalin da tsumma mai ɗan man wanke fenti, don in ya yi danƙo sai ya riƙa jan tsakuwa. Kada a zuba man a kan daɓen. Ya bar bakin kwaɓin ba a shafe ba, don na gaba ya shige cikinsa. Lokaci-lokaci ya soka ƙusa mai alama ya tabbatar kaurin bai ragu ba, don hannu in ya gaji yakan fara jan kaya ya yi siriri.

Kowane kwaɓi yana ba da kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya ƙi cokali, ƙasa da haka in ana zafi. Garin gilashin da ke hana santsi ana watsa shi sama-sama bayan kowane kwaɓi biyu, tun hannu na iya kaiwa, tun ran gini tun ran zane. In filin ya fi ƙarfin yini ɗaya, a tsara wurin tsayawa tun farko, a sa siririn ƙarfe a miƙe a gama a jikinsa. A cire salatef kafin rezin ya sandare, a tare bakin fili da igiya da baro. Kyanwar maƙwabta da mai kawo wasiƙa sun ɓata aiki da yawa.

Bayan an gama

A rana mai ɗumi ana iya takawa bayan awa shida zuwa takwas, a sanyi a bari sai gobe. Mota ta jira aƙalla awa 24, in son samu ne 48, kuma a makon farko a lallaɓa, don sai a hankali yake kai cikakken ƙarfinsa. Abin da ya fi cin fuskar daɓen shi ne murza sitiyari mota na tsaye cik. A bari taya ta fara gangarawa kafin a juya. Jak da ƙafar babur da babban kwandon zuba ɓaraguzai a sa musu katako a ƙasa.

Shara da tsintsiya mai tauri ta isa yawancin lokaci, musamman da kaka in ganye na zuba, kafin ya ruɓe ya toshe kafofin. Sau ɗaya ko biyu a shekara a wanke da injin feshi da ruwan sanyi, ƙarfinsa kada ya wuce bar 150 a ma’aunin injin, bakin mai baza ruwa ne ba mai tsini ba, a riƙe shi kamar santimita 20 daga ƙasa. Man mota in ya zuba a wanke shi nan take da ruwan ɗumi da sabulu, domin zai bi kafofin ya sauka kan kwaltar ya narka ta daga ƙasa. Dusar ƙanƙara a kwashe ta da shebur na roba, in za a watsa gishiri a sa fari, a wanke shi in sanyi ya wuce.